Ɗinkin Gicciye da Adon Babbar Riga a Daular Sakkwato: Waiwaye Daga Boɗinga Zuwa Shagari

1.0 Gabatarwa

Masu binciken tarihin Daular Sakkwato sun daɗe suna duban takobi da alƙalami, amma kaɗan ne daga cikinsu suka waiwayi allura. Alhali kuwa babu sarkin da aka naɗa a wannan daula ba tare da riga da rawani da alkyabba ba, kuma tufafi na cikin manyan kayan gaisuwa da sarakunan tuta ke aikawa Sakkwato da Gwandu kowace shekara. Saboda haka duk wanda ya fahimci yadda ake yi wa riga ado, ya fahimci wani yanki na sarauta da tattalin arziki da ilmi na wancan zamani.

Wannan takarda za ta yi ƙoƙarin amsa tambaya guda ɗaya. Akwai wani irin ɗinkin ado da ya bunƙasa a Misira da Fas da Falasɗinu da ƙasashen Turai, wanda ake yi ta hanyar ƙirga zaren ƙyalle, a riƙa gicciya zare bisa zare. Ayarin Sahara ya kawo mana alharini da takarda da alkyabba, har da allurar kanta. To, me ya hana wannan ɗinki na gicciye samun gindin zama a babbar riga? Amsar da zan bayar ita ce, maɗinkin ƙasar Hausa layin alƙalami yake bi, ba ƙidayar zare ba, kuma dalilan hakan suna cikin irin ƙyallenmu da irin mutanen da suka riƙe sana'ar. Na zaɓi in dubi al'amarin daga yankin Boɗinga da Sifawa zuwa Shagari, domin a nan ne shugabannin jihadi suka yi muhawara a kan tufafin ado, kuma daga nan ne mutumin da ya fito da babbar riga da hula a idon duniya a ƙarni na 20 ya taso.

2.0 Ma'anar Ɗinkin Gicciye da Asalinsa

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu san abin da ake magana a kansa. Kowane saƙaƙƙen ƙyalle yana da zaren tsaye da zaren kwance. Idan kaurin zaren ɗaya ne, kuma tazararsu daidai take, to, fuskar ƙyallen za ta zama ƙananan gidaje masu kusurwa huɗu. Mai ɗinkin gicciye yakan soka allura daga kusurwar gida zuwa kusurwar da ke fuskantarta, sa'an nan ya komo ya haye da zare na biyu daga ɗaya kusurwar. Ƙa'idar gwanaye ita ce zaren sama ya karkata gefe guda a dukkan aikin, don haske ya sauka a kansa bai ɗaya. Daga wannan tushe ne rassa suka fito. Akwai gicciye mai dogon hannu, wanda zare ɗaya yake tsallake gida biyu. Akwai gicciye mai ruɓi, wanda ake ƙara masa tsaye da kwance har ya zama kamar tauraro. Akwai kuma wanda zaruruwa ke haye juna a jere, mai kama da ƙashin kifi. Turawa sun ƙara da saƙa wani ƙyalle mai tauri, mai manyan ƙofofi kamar rariya, wanda ake rufe fuskarsa duka da zaren ulu.

Wannan fasaha tsohuwa ce a ƙasashen Musulmi. An tono guntayen ƙyalle masu adon ƙirga zare na zamanin Mamalik na Misira, watau daga 1250 zuwa 1517, kuma da yawa daga cikinsu suna ajiye a gidan tarihi na Ashmolean a Ingila. Matan birnin Fas sun shahara da wani ɗinki na ƙirge wanda cikinsa da bayansa duk ɗaya ne. Ɗinkin gicciye na matan Falasɗinu kuwa, hukumar UNESCO ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a 2021. A Turai an fara buga littattafan zanen ɗinki a Jamus wajen 1523, kuma a farkon ƙarni na 19, daidai lokacin da ake jihadi a ƙasar Hausa, masu ɗab'i na birnin Balin suka riƙa sayar da zane a kan takarda mai gida-gida, kowane gida da launinsa. Abin lura a nan shi ne, a duk waɗannan wurare ƙyallen shi ne jagora. Mai ɗinki ba ya bukatar a zana masa kome a jikin ƙyalle, ƙidaya ta ishe shi.

3.0 Sifawa da Boɗinga: Muhawara a Kan Tufafi

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar Gwandu ya koma Sifawa wajen 1810, ya zauna a can har 1815 lokacin da ya ƙaura zuwa Sakkwato, inda ya rasu a 1817. A waɗannan shekaru ƙanensa Malam Abdullahi yana zaune a Boɗinga, 'yar tafiya kaɗan daga Sifawa, shi kuwa Muhammadu Bello yana gina Sakkwato tun 1809. A 1812 Shehu ya raba al'amuran mulki, gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi. Ke nan har tsawon shekara biyar wannan ɗan yanki shi ne zuciyar daula, malamai da ɗalibai da jakadu suna ta kai da kawowa a cikinsa.

Ɗaya daga cikin matsalolin da suka dami jama'a a lokacin ita ce ta tufafi. Masu jihadi sun soki sarakunan Haɓe da alfahari da almubazzaranci, sai ga shi nasara ta jefa musu taskokin waɗannan sarakuna a hannu. Malam Abdullahi ya tsananta a kan wannan. Tun a 1807 ya bar rundunar jama'a da niyyar tafiya Makka, saboda ganin yadda zukata suka karkata ga dawaki da riguna da muƙamai, har mutanen Kano suka tsayar da shi ya rubuta musu Diya'ul Hukkami. Ya kuma adana wannan kuka nasa a Tazyinul Waraƙati, wanda ya harhaɗa a 1813. Shehu kuwa, a Misbahu na 1808 da Najmul Ikhwani na 1812, ya sassauta, ya nuna cewa akwai maslaha a shugaba ya yi shiga mai kwarjini, kuma bai kamata a tsananta wa mutane a kan abin da malamai suka yi saɓani a kansa ba.

Muhawarar tana da tushe a fiƙihun Malikiyya da kowane ɗalibi ya karanta. An haramta wa maza sa tufar alharini tsantsa, amma Risala ta Ibn Abi Zaidin ta kawo saɓanin malamai game da ratsin alharini a jikin tufa, ta kuma keɓe siririn layi. Idan muka dubi rigunan ƙarni na 19 da suka rage, za mu ga sun tsaya a tsakanin ra'ayoyin nan biyu. Jikin rigar auduga ne. Adon ya taru a wuya da aljihu da ƙirji da baya. Jan alharini ya fi fitowa a shafin ƙasan riga daga ciki, inda ba a ganinsa sai mai ita ya naɗe hannu ko ya hau doki. Zaren adon kuwa sau da yawa farin auduga ne ko tsamiya, watau siliki na daji da ake samu daga gidan wata tsutsa da ke taruwa a jikin itacen tsamiya, wanda launinsa ƙasa-ƙasa ne, ba ya ƙyalli. Riga ce mai kwarjini wadda ba ta cika ido da launi ba. Ɗinkin gicciye irin na Balin, mai rufe ƙyalle duka da launuka barkatai, har da surar mutane da dabbobi, ba shi da wurin zama a irin wannan tsari.

Muhammadu Bello ya ba wa sana'ar ƙarfi ta fuskar mulki. A Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba, kuma a ribaɗoɗin da ya kafa ya zaunar da manoma da masu sana'o'in hannu. Clapperton, wanda ya zo Sakkwato a 1824 ya kuma rasu a can a 1827, ya tarar da masaƙa Nufawa suna aiki a birnin. Bayan Malam Abdullahi ya koma Gwandu, Nufe da Ilori suka kasance ƙarƙashin Gwandu, kuma waɗannan ƙasashe biyu su ne gidan saƙar saƙi da girken Nufe. Hanyar da ta haɗa Sakkwato da Gwandu da kasuwar Jega ta ratsa Boɗinga da Sifawa da ƙasar Yabo, wadda Shagari ke cikinta. Ta wannan hanya Barth ya bi a watan Mayu 1853. Don haka yankin da muke magana a kansa ya zauna ne a bakin titin da rigunan kudu da na gabas ke haɗuwa.

4.0 Ƙyalle da Maɗinki

Dalili na farko da ya hana ƙirga zare shi ne masaƙarmu. Masaƙin ƙasar Hausa da na Nufe siririn ƙyalle yake fitarwa, wani faɗinsa bai wuce yatsa biyu ko uku ba. Sai a jera waɗannan ƙore a ɗinke su gefe da gefe, shi ya sa ake kimanta riga da yawan ƙwaryarta. Zaren kuma kaɗin hannu ne na mata da mazari, wani wuri ya yi kauri, wani wuri ya sirance, kuma zaren tsaye ya fi na kwance matsewa. A irin wannan fuska babu gidaje masu daidaito da za a ƙirga, kuma duk bayan 'yan yatsu sai allura ta ci karo da mahaɗin ƙwarya. Idan rigar kore ce, an rina ta an buga ta a mabuga har ta yi sheƙi, to, zaren ma ba ya rarrabuwa ga ido. Wanda ya ce zai ƙirga zare a kan saƙi, aikinsa zai karkace tun bai kai rabin aljihu ba.

Dalili na biyu shi ne mutanen da suka riƙe sana'ar. A Fas da Falasɗinu da Turai ɗinkin ado aikin mata ne na cikin gida. A ƙasar Hausa kuwa, a ƙarni na 19, adon riga aikin maza ne, kuma akasarinsu malamai ne da almajirai. Sana'a ce da ta dace da mai karatu, domin ana yinta a zaune a zaure, jarinta allura da zare, ana iya ajiye ta idan lokacin darasi ko salla ya yi, ana kuma iya tafiya da ita ci-rani. David Heathcote, wanda ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1979 a kan adon tufafin Hausawa, ya nuna yadda aikin ya kasu. Akwai mai zane, wanda yake fitar da siffar adon a jikin ƙyalle da alƙalami da tawada, sa'an nan akwai masu cikewa, kuma riga ɗaya tana iya bin hannun mutane da yawa har watanni kafin ta kammala. Hannun da ya saba da allo da zayyana, idan ya koma kan riga, layi zai ja. Wannan shi ya ba maɗinkinmu damar yin da'ira da lanƙwasa da tsini, abubuwan da ɗinkin ƙirge ba ya iya fitarwa sai da tsani-tsani.

Colleen Kriger, a binciken da ta buga a 1988 a kan rigunan daular da ke gidajen tarihi na Turai, ta nuna cewa tsarin adon ya yi kama da juna daga Sakkwato har Bida da Ilori. Babban aljihu yana ƙirjin hagu. Askake suna saukowa daga wuya da bakin aljihu, ko biyu ko takwas. Tambari yana ƙirjin dama da kuma baya. Wannan daidaito a faɗin ƙasa mai nisan tafiyar watanni bai samu ta hanyar littafin zane ba. Ya samu ne ta hanyar yawon malamai da almajirai, da kuma kyautar riguna tsakanin fada da fada.

5.0 Inda Gicciye Ya Shiga Aikinmu

Kada a ɗauka daga abin da ya gabata cewa maɗinkinmu bai san gicciya zare ba. Ya sani, sai dai ya ajiye shi a wurare uku na dabam.

Na farko, a cikin aska. Idan za a cike aska, akan shimfiɗa dogon zare daga gefe zuwa gefe, sa'an nan a riƙa danne shi da gajeren ɗinki mai haye shi. Idan aka goce wurin dannewar kaɗan a kowane layi, sai fuskar askar ta fito da ratsi kamar saƙar tabarma. Wannan dabara tana da amfani biyu. Tana barin kusan dukkan zare mai tsada a fuskar riga maimakon ya ɓace a ciki, kuma tana haye mahaɗin ƙore ba tare da ta damu da ƙidaya ba. Sauran filin aljihu kuwa akan cike shi da ƙananan huji, kowanne an zagaye bakinsa da ƙulli, layukan kuma a bi su da ɗinki mai kama da sarƙa.

Na biyu, a cikin siffar adon kanta. Dagi igiya ce guda da ke bi ta sama ta bi ta ƙasa har ta koma inda ta fara, kuma kyawunsa duka yana ga kiyaye wannan ƙa'ida a kowace mahaɗa. Gidan biyar kuwa murabba'ai ne da aka jera a gicciye, masu kama da hatimin da malamai ke zanawa. Ana ganin waɗannan siffofi a bangon soro, da aikin dukanci na jar fatar Sakkwato, da adon littattafai. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta ɗauki dagi ya zama tambarinta. Abin da matar Fas ke yi da ƙwayar ɗinki, malamin Sakkwato ya yi shi da zane.

Na uku, a wurin ƙarfafawa. Wuyan riga da bakin aljihu su ne suka fi shan ja, musamman ga mahayi. Cin wuya da linzami ado ne a ido, amma asalinsu riƙe ƙyalle ne kada ya yage, kuma zaren da ya haye ɗan'uwansa ya fi wanda ya kwanta shi kaɗai riƙo.

6.0 Daga 1903 Zuwa Zamanin Shagari

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris 1903. Gaisuwar shekara da sarakuna ke aikawa ta tsaya, fataucin Sahara ya mutu, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 da Ƙauran Namoda a 1929. Yadin kanti mai faɗi da shadda suka maye gurbin ƙwarya, zaren masana'anta ya maye gurbin tsamiya, kuma a 1957 masaƙar Kaduna ta fara aiki. A karo na farko ke nan da ƙyalle mai daidaiton zare ya wadata a hannun talaka. Amma duk da haka adon babbar riga bai koma ƙirge ba. An ci gaba da zana aska da tambari a kan shadda kamar yadda ake yi a kan saƙi. Wannan ya tabbatar da cewa dalili na biyu, watau tarbiyyar maɗinki, ya fi na farko ƙarfi.

Ɗinkin gicciye irin na Turai ya shigo ne ta wata ƙofa, ƙofar makarantar 'yan mata. An buɗe makarantun mata a Kano da Katsina a 1930, da ta horon mata a Sakkwato a 1939, kuma aikin allura yana cikin manyan darussansu. Daga nan ya shiga ɗakin amarya, ya zauna a rigar matashi da zanen gado da mayafin tebur. Ke nan fasahohin biyu sun zauna a gida ɗaya, ɗaya a zaure, ɗaya a ɗaka, kowace da masu ita.

Wurin da suka fi kusantar juna shi ne hula. Hulunan ƙube da zanna, waɗanda suka yaɗu daga Barno, ana cike su da ƙananan ɗinki a jere, layi bisa layi, har fuskarsu ta zama gida-gida, adonsu kuma mai kusurwa ne. Ɗinkin hula ya zama sana'ar matan kulle da samari a garuruwa da ƙauyuka, kuma kuɗin mai na shekarun 1970 ya faɗaɗa kasuwarsa. A birnin Zariya, kamar yadda Elisha Renne ta nuna, mata sun wuce hula har sun shiga adon babbar riga kanta.

A nan ne garin Shagari ya shigo labarin. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin a 1925, aka naɗa shi Turakin Sakkwato a 1962, ya zama shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, bayan shekara 13 ana ganin kaki a gadon mulki. Babbar riga da doguwar hula su ne shigarsa a gida da waje, har mutanen kudu suka riƙa kiran irin wannan hula da sunansa. Ya rasu a 2018. Tufar da aka yi muhawara a kan halaccin adonta tsakanin Sifawa da Boɗinga, ita ce wani ɗan yankin ya mayar tufar mulkin farar hula ta Nijeriya bayan shekara kusan 170. Sai dai bukatar da ta ƙaru ita ce kuma ta buɗe wa keken surfani hanya, daga baya injin mai aiki da kwamfuta ya biyo. Injin yana kwaikwayon siffar aska a cikin sa'o'i, amma shimfiɗa zare da danne shi, da huji mai ƙulli, aikin hannu ne, kuma su ne ke raguwa.

7.0 Kammalawa

Abin da wannan takarda ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, rashin ɗinkin ƙirge a babbar riga ba gazawa ba ce. Sakamako ne na siririyar masaƙa, da fiƙihun tufafi da shugabannin jihadi suka tattauna a Sifawa da Boɗinga, da kuma kasancewar allura a hannun masu alƙalami. Gicciye yana nan a cikin aska da dagi da cin wuya ga wanda ya san inda zai duba.

Akwai aiki a gabanmu. Kowane ɗinki da kowace siffa suna da suna a bakin masu sana'a, kuma sunan Sakkwato yakan bambanta da na Kano ko Zariya, kamar yadda karin harshe ya bambanta. Ranar da tsohon maɗinki ya kwanta dama, sunayen nan sukan bi shi. Ina ba da shawara ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu su tura ɗalibai Boɗinga da Sifawa da Danchadi da Yabo da Shagari, su zauna da maɗinka, su rubuta sunan kowane ɗinki, su karɓi samfurinsa a guntun ƙyalle, su ɗauki hoton cikinsa da bayansa. Haka kuma a nemi izinin gidajen sarauta a auna tsofaffin rigunan da ke cikin adakokinsu, a ƙirga ƙwaryarsu, a tantance zarensu. Riga ma takardar tarihi ce, kuma asu da gara ba sa jiran mai bincike.

Allah ya sa mu dace.